Alabe a Aljihun Baya

Jiya ina neman tsohuwar takardar filoti a ƙasan adaka, sai hannuna ya faɗa kan alaben Baba. Fatar ta yi baƙi ta yi santsi, ɗinkin bakin ya warware, amma da na kai shi hanci sai na ji ƙanshin jima da bagaruwa bai gama fita ba, ya gauraya da warin gumi da na tsofaffin takardun kuɗi. Gefe guda ya lotsa, ya ɗauki siffar abin da ya shekara goma sha ɗaya yana danne shi. Ni na danne shi.

Shekarata talatin da shida a lokacin da abin ya faru, ina akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Kano, kuma in na tuno mutumin nan yanzu sai in ji kamar wani ɗan maƙwabta nake tunawa, wanda na sani sama-sama. Ga shi can cikin safari ruwan toka mai aljihu huɗu, gashin baki a gyare, biro uku a ƙirji, tumbi ya fara leƙowa shi kuwa yana kiransa alamar hutu. Baba a wuya yake rataya alaben nan da igiyar fata, ya sake shi cikin riga ya kwanta masa a ƙirji, haka ya yi ta takawa da shi daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Kurmi da fatun awaki a ka. Ni da na gaje shi sai na yanke igiyar, wai ƙauyanci ce, na cusa masa katin aiki da lasin basfa da rasiɗai da hotunan fasfo da laya guda da Inna ta matsa mini in riƙe, da 'yan Murtala in wata ya yi kyau, har ya kumbura ya yi kamar curin fura, na tura shi aljihun baya na dama. A kansa nake wuni.

Ofishin ɗaki ne mai taga ɗaya, fankar sama tana juyi tana kuka kamar mai ciwon haƙori, fayiloli ɗaure da jan zare sun hau kan kabad har sun kusa taɓa silin. Har yau in na rufe ido ina jin ƙararrawar tafireta in ta kai ƙarshen layi, da warin jan ruwan nan da ake gyara sitensil da shi, da shuɗin kabon da ba ya fita daga yatsu sai an yi alwala biyu. Kujerata ta ƙarfe ce, sosonta ya mutu tun zamanin wanda na gada, na tara tsofaffin gazet na ɗora a kai don in ƙara tsawo. Da aka kawo mana kwamfuta, aka yi mata lulluɓi kamar amarya, ba a sami wurin da za ta zauna ba sai kusurwar tebur ta hagu, don haka ƙafafuna suna kallon ƙofa, ƙirjina yana kallon bango, a murɗe nake aiki tun safe har a tashi. Ban taɓa jin wannan wani abu ne ba. Tashi daga kujera a wurina aikin masinja ne, kuma muna da Baba masinja, dattijo mai jan haƙoran goro, wanda shi ke kai fayil ɗakin da ke jikin nawa, shi ke sayo ƙosai, shi ke cika mini buta. Ƙararrawa kawai nake bugawa.

Kwana biyar ke nan. Ran Asabar kuma, ban da ta ƙarshen wata da ake shara, sai wannan mutumin da bai yi taku ɗari ba duk mako ya zura kambas, ya ɗaure gwiwa da bandeji don ado, ya buga basfa ya nufi filin firamaren unguwarmu, inda muke da ƙungiyar tamaula ta magidanta. Akwai malaman makaranta, akwai mai shagon yadi a Kwari, akwai direban banki, golanmu kuwa tela ne. Turakun raga na gora ne, layin fili da toka ake ja. Yaran da suke buga wasa kafin mu sukan yi ta zagaye fili suna miƙe ƙafa suna lanƙwasa ƙugu kafin su taɓa ƙwallo, mu kuwa dariya muke musu, muna cewa mu tun suna goye muke wasa. Daga kan basfa sai tsakiyar fili. Minti casa'in ake yi cif, a sha kunun zaƙi a inuwar darbejiya, ran Lahadi gida ya ɗau warin man zafi, ran Litinin a koma kan gazet.

Sai damina ta 1996 ta zo. Wanda ya ga wasan Najeriya da Brazil a gasar Atlanta, cikin dare, mu fiye da ashirin a gaban talabijin ɗin maƙwabci, ana cin mu uku da ɗaya har aka dawo aka ci su huɗu da uku, ya san irin haukan da ya kama gari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙwallon da Kanu ya rama ana dab da tashi, yadda ya ɗan tasa ta sama ya juya ya buga kafin gola ya farga. Na kwana ina juya wannan juyi a kaina. Asabar ɗin da ta biyo bayan an ɗauko zinare, an yi ruwa da asuba, fili yana tashin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyar ciyawa, ƙwallo ta zo mini na ba raga baya, sai na ce yau ga ranar. Na tasa ta, na murɗa ƙugu da dukan ƙarfina, ƙafar hagu ta kafe a laka ta ƙi biyo ni. Na ji wani abu ya ce ƙas a tsatsona, can ciki, ba da ƙarfi ba. Ƙwallon ta tafi gonar hedimasta.

Na gama wasan, har da kunu. Ciwon baya ne kawai irin wanda aka saba, na ce zuwa Litinin ya wuce. Ran Litinin aka kawo katan na takarda, Baba masinja ya tafi gidan waya, sai na sunkuya daga tsaye, ƙafafu a miƙe, na ɗauka. Wannan shi ne kaya na farko da na ɗaga a ofishin a shekaru, kuma da kyar na miƙe. Abin mamaki, zuwa Laraba bayan ya yi sauƙi, ciwon ya yi ƙaura. Ya sauka cikin ɗuwawun dama, ya bi bayan cinya, ya ratsa bayan gwiwa, ya shiga sha-raɓa, ya tafi har gefen ƙafa wajen ƙaramin yatsa, layi guda kamar an zare wayar wuta an ɗinka mini ita a cikin nama. Wani lokaci zafi, wani lokaci kamar tururuwa na yawo, wani lokaci wurin ya sage in taɓa in ji kamar fatar wani ce. Zama ya fi komai azaba. Atishawa kuwa na koyi tsoronta kamar kunama, don in ta taho sai na dafa bango tukuna.

Inna ta zo daga ƙauye da man kaɗanya a cikin gwangwanin madara, ta haɗa shi da citta da kanumfari, ta ce, «Ɗan nan, sanyi ne ya shige ka, kai da ba ka rabo da fanka.» Maiɗakina ta yi ta gasa mini ƙafar da tsumma da ruwan zafi har fatar ta yi ja. Aka kira wanzami ya zo da zabirarsa, ya jera mini ƙaho huɗu daga cinya zuwa sha-raɓa, ina jin sanyin askar da tsotson bakinsa da ƙamshin taba a numfashinsa, ya juye baƙin jini a kasko ya nuna mini ya ce ga ciwon nan ya fito. Na ji daɗi kwana ɗaya. Yaron kemis na bakin titi ya ƙulla mini haɗi a leda, farare da jajaye da wata 'yar ƙarama, in sha safe da dare, ban tambayi sunan ko ɗaya ba. Daga baya na gane akwai diclofenac da ibuprofen a ciki, 'yan gida ɗaya da bai kamata a haɗa su ba, ni kuma ina watsa su cikin wofin ciki da ruwan shayi. Ciwon ƙafa bai tafi ba, ga ƙirji ya fara ci da wuta. Kowa ƙafar yake yi wa magani, ni ma ita nake nunawa.

Sai aka ce in kwanta. Aka cire katifar rimi, aka shimfiɗa mini tabarmar kaba a kan siminti, na yi sati biyu da 'yan kwanaki ina kallon azara, ina ƙirga yanar da gizo ya saƙa a kusurwa, ina sauraron unguwa tana harkarta ba ni: mai tallan kalanzir, luguden gidan baya, ƙarar injin markaɗe, yara na dawowa daga makarantar allo. Salla a zaune nake yi, wani lokaci a kishingiɗe. Liman ya zo dubiya ya zauna a kan buzu, ya saurari yadda ciwon yake bi, ya gyaɗa kai ya ce wannan tsohon ciwo ne, Larabawa suna kiransa irƙun nasa, har wasu na cewa an sa masa sunan ne don yana mantar da mutum duk wani ciwo da ya taɓa yi. Ya ce a cikin Ibn Majah akwai hadisin da ya ambaci kitsen wutsiyar tunkiyar ƙauye a maganinsa, amma malamai sun yi bayani cewa mutanen Hijaz aka fuskanta da irin jikinsu da irin tumakinsu. Ya yi murmushi ya ce namu kuwa, uda da balami, wutsiyarsu kamar bulala, ina kitse? Ya yi mini addu'a, da zai tashi ya ce, «Malam, ka je asibiti.»

Abin da ya kai ni dai tsoro ne. Wata safiya na so in ɗauko fitilar ƙwai a kan kanta, na yi ɗage, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaga ni.

Likitan ba babba ba ne, da kyar in ya girme ni, kuma abin da ya fara ba ni haushi shi ne bai ko kalli inda nake nuna masa ba. Ya sa na taka a kan dunduniya, na taka a kan yatsu. Ya kwantar da ni rigingine ya kama diddigena ya ɗaga ƙafar a miƙe a hankali, ba ta kai rabin hanya ba wutar nan ta tashi daga ɗuwawu har yatsa, na yi salati da ƙarfi. Ya ɗauko 'yar gudumar roba ya buga mini a agara, ta hagu ta zabura, ta dama ta yi shiru. Sannan ya sunkuyar da murya ya yi mini tambayoyin da suka sa na kalli ƙasa: fitsari yana fita daidai, ko yana riƙewa, ko yana zuba ban sani ba? Bayan gida fa? Tsakanin cinyoyi, inda sirdi ke taɓa mahayi, ya sage? Ƙafar hagu ita ma ta fara? Na ce a'a duka. Ya ce alhamdu lillahi, amma in riƙe wannan da kyau, ranar da ɗaya daga cikinsu ya faru, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, ko da tsakar dare ne a kawo ni, don wannan ba ya jiran gobe.

Ya juya bayan katina ya yi zane. Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, ɗaya kan ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai wani abu kamar gammo, bayansa tauri cikinsa taushi. Dogon zama, musamman a sunkuye ko a murɗe, yana matsa gammon nan fiye da yadda mutum yake zato, naman da ke riƙe da baya da ciki kuma yana yin laushi don ba a sa shi aiki. Sai ran Asabar a zo a nemi wannan bayan ya yi abin da ɗan shekara ashirin yake yi. Bango ya tsage, na ciki ya ɓullo, ya taɓa saiwar jijiya ya kumbura ta. Jijiyar kuwa ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, kaurinta ya kai babban yatsa, daga ƙugu take tasowa ta bi ta cikin ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa, shi ya sa in an taɓa ta a sama sai a ji kukan a ƙasa. Ya ce cikin masu irin wannan ciwo goma, kusan tara daga gammon nan ne. Na ce a yi mini hoto mana. Ya ce hoton ƙashi ƙashi yake nunawa, gammo ba ya fita a ciki, kuma abin da ya gani da hannunsa ya ishe shi a yanzu.

«Ranka ya daɗe, to aiki za a yi mini?»

Ya ce yawancin mutane suna warkewa cikin sati shida zuwa wata uku ba tare da wuƙa ba, don jiki da kansa yakan shanye abin da ya ɓullo. Ya hana ni haɗin kemis, ya rubuta magani ɗaya, bayan abinci, na 'yan kwanaki, ya ce irin waɗannan in an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Da ya ji na yi sati biyu a tabarma sai ya riƙe baki. Ya ce kwana ɗaya ko biyu in ciwo ya yi tsanani ba laifi, fiye da haka kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Ina gyara wando zan fita ya hango kumburin aljihuna, ya miƙo hannu, na ba shi, ya auna nauyinsa a tafinsa ya yi dariya. Ya ce akwai wata 'yar tsoka can cikin ɗuwawu da jijiyar take bi ta ƙarƙashinta, wanda ya zauna a kan wannan dutse yana danne wurin, ƙugunsa kuma a karkace yake wuni. Ya ce ba shi ne ɓarawon ba, amma shi ya riƙe masa tsani.

Daga nan aka tura ni sashen gashin ƙashi, inda na zaci za a yi ta gasa ni da jar fitila ina kwance ina hutawa. An yi fitilar sau biyu ko uku. Sauran duk ni aka sa aiki: in kwanta rubda ciki in tokare da gwiwar hannu in ɗaga ƙirji kamar ƙadangare a kan katanga, in kwanta rigingine in ɗaga ƙugu in riƙe, in koyi ɗaukar kaya da tsuguno kayan na manne da jiki. Matar da ke koya mana ta ce in lura da abu guda, in ciwon yana janyewa daga yatsa yana komawa sama wajen ƙugu to hanya ta yi kyau, in yana ƙara sauka in daina wannan motsin in faɗa mata. Haka kuwa aka yi, ya bar yatsa, ya bar sha-raɓa, ya daɗe a cinya kamar baƙon da bai da niyyar tafiya. Babban maganin da ta ba ni kunya ya ba ni: tafiya a ƙasa, kullum, daga ƙofar gida zuwa masallaci, sannan zuwa bakin titi, sannan a ƙara. A ofis kuma kada in wuce rabin awa ban miƙe ba.

Ranar da na koma aiki na kwashe gazet ɗin nan, na jawo kwamfutar tsakiyar tebur, na naɗe tawul na sa a bayan ƙuguna. Da fayil na farko ya gama sai na tashi na kai shi da kaina. Ina dawowa na tarar da Baba masinja tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula yana murza ta.

«Yallaɓai, wani laifi na yi?»

Na zaunar da shi na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai shi ma ya yi wannan ciwo, yana saurayi, lokacin da yake dakon buhu a dalar gyaɗa, kuma ya san direbobin manyan motoci da yawa da ya kama. Ashe ba na masu kujera ba ne kaɗai. Na tambaye shi me ya sha, ya ce bai sha komai ba, ba shi da halin kwanciya, ya dai bar buhu ya koma tallan rake yana zagaya gari, wata uku ya nemi ciwo ya rasa. Shekara da shekaru ina aiken mutumin nan sayen ƙosai, ban taɓa tambayarsa inda ya fito ba.

Wata rana cikin hunturu, a sallar asuba, na yi ruku'u ban ji komai ba, sai na yi ƙarfin hali na sauka, goshina ya taɓa tabarmar masallaci karo na farko cikin watanni, na shaƙi ƙurarta da ɗan ƙanshin turaren wanda ya riga ni a wurin, na daɗe ban ɗago ba har na kusa da ni ya yi gyaran murya.

Telan nan golanmu bai yi sa'ata ba. Shekaru bayan haka nasa ya kama shi, ga zaman keken ɗinki ga faɗuwar gola, har silifa ta riƙa zame masa yana tafiya bai sani ba. Lokacin na'urar MRI ta samu, aka ga gammon ƙarara, aka yi masa aiki aka cire ɗan abin da ya danne jijiyar, ya tashi. A wajen jinyarsa na ji cewa sai a 1934 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka tabbatar wa duniya cewa gammon nan ne ke jawo ciwon. An riga an haifi Babana a lokacin. Na koma fili bayan kusan shekara, ina zagaye da yara ina miƙe ƙafa kafin wasa, abokaina suna yi mini dariyar da na saba yi, na kuma koma baya inda ba a juyin Kanu. Har yau in tafiya ta kama ni zuwa Kaduna sai na sauka a Zariya na taka, don wani lokacin ƙaramin yatsan nan yakan tuna mini da kansa.

Ina zaune da alaben a hannu sai ga autana ya shigo, shi da ke wuni da kwamfuta a kan cinya, ran Asabar da dare kuma su kama hayar filin roba su yi ta gudu a ƙarƙashin fitila. Ya durƙusa ya gaishe ni, da ya juya na ga aljihun bayansa a kumbure. Na ce ya ciro ya mayar gaba. Ya ce, «To, Baba,» ya ciro, ya fita, ina jin ya kai zaure ya mayar inda yake. Na sa maiɗakina ta samo mini igiyar fata in kai wa baduku ya mayar wa alaben. Takardar filotin dai har yanzu ban gan ta ba.